Bashi Hanji Ne: Masana da Matan da Aka Bari a Baya

Akwai wata sana'a da ta bunƙasa a ƙasarmu tun daga shekarun 1990, wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta kuma da sarki irin na maƙera ko na mahauta, amma tana ciyar da mutane da dama a gida da waje. Sana'ar ita ce bincike kan lafiya da zaman rayuwar matan da al'umma ta bari a baya: mai yoyon fitsari, da wadda ba ta taɓa haihuwa ba, da wadda aka saya aka kawo gida a matsayin wahaya, da yarinyar da aka ɗaura wa aure tun ƙashinta bai yi ƙwari ba. Masu wannan sana'a sukan fara ne suna ɗalibai, da littafin rubutu da na'urar ɗaukar magana. Sai su zauna kan tabarma a harabar asibiti ko a tsakar gida, su yi ta tambaya har a saki jiki da su, a faɗa musu abin da ko miji ba a faɗa wa ba. Daga nan su koma su rubuta kundin digiri, daga kundin su fitar da maƙaloli, maƙalolin su kai su taron masana a Dakar ko Paris ko Amurka, har a wayi gari ana ce musu farfesoshi.

Ba ni da ja da wannan hanya. Neman ilimi abin yabo ne, kuma wanda ya sha rana ya cancanci inuwa. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake rufe lissafi idan aiki ya ƙare. Mai bincike ya sami digirinsa, jami'a ta sami suna, wanda ya ba da kuɗin aikin ya sami rahotonsa, mai ɗab'i ya sayar da littafi. Ita kuwa matar da ta buɗe cikinta tana nan inda aka bar ta, ba ta san abin da aka rubuta da maganarta ba, ba ta ma san cewa an gano musabbabin ciwonta an bayyana shi ga mutanen da ba za ta taɓa gani ba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. A nawa ganin, duk ilimin da aka ɗebo daga bakin waɗannan mata bashi ne, kuma mafi yawansa har yau ba a biya ba. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan bashin yana cikin baƙon da ya zo daga ƙetare, yana cikin jami'o'inmu, yana kuma cikinmu mu malaman makaranta da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu da muke karanta wannan mujalla.

Abin da aka gano

Kafin a yi maganar biya, ya kamata mai karatu ya san nauyin abin da aka ranta. Alƙaluma kam kowa ya sha jin su. Babban binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika shekara 18, matsakaicin haihuwar mace guda ya kai 7,6, kuma a cikin kowace haihuwa 100.000 uwaye 535 ne suke rasa rayukansu. Wani binciken na 2021 ya sami matsakaicin haihuwar ya sauko zuwa 6,2. Waɗannan lambobi suna da amfaninsu, sai dai lamba ba ta faɗin dalili. Waɗanda suka zauna kan tabarma su ne suka kawo dalilai, kuma abin da suka kawo sau da yawa ya saɓa wa abin da ake yayatawa a tarurruka.

A ɗauki misalin marigayiya Hadiza Moussa, ƴar Nijar, masaniyar halayyar al'umma, wadda ta yi aiki a cibiyar bincike ta LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001. A lokacin da duniya take kallon matan Nijar ta fuska guda, wato suna haihuwa da yawa, sai ita ta juya ta dubi waɗanda ba a lissafa su: matar da take neman haihuwa ido rufe ba ta samu ba, da wadda ta sami ciki a halin da ba za ta iya bayyana shi ba. Littafinta mai suna Entre absence et refus d'enfant, wanda ya fito a 2012, ya bi diddigin yadda ake ɗora wa mace laifin rashin haihuwa tun kafin a duba lafiyar mijinta, da yadda take yawo tsakanin boka da malam da asibiti har abin hannunta ya ƙare, da yadda gorin dangin miji da barazanar kishiya suke cin ta a tsaye. Ya kuma taɓa abin da muke kauda kai daga gare shi, wato zubar da ciki a ɓoye da yasar da jarirai, da irin tsoron abin kunya da yake kai yarinya ga wannan halaka. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san ɗalibar da ta ɓace a tsakiyar shekara aka ce ta tafi wurin gwaggonta. Hadiza Moussa ta zauna da irin waɗannan ƴan mata da iyayensu mata, ta saurare su, ta rubuta. Ba a daɗe da fitowar littafin ba Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta.

Sai kuma maganar yoyon fitsari. Ciwon yana samuwa ne idan naƙuda ta yi tsawo jariri ya kasa fita, kansa ya danne naman uwar a jikin ƙashin ƙugu har jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Galibi jaririn ba ya rayuwa. Tun daga 2003, da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a ta ƙaddamar da yaƙi da ciwon, labari guda ake ta maimaitawa a takardun neman taimako: yarinya ƙarama, haihuwar fari, miji ya sake ta, dangi sun guje ta, sai likita ya zo ya ɗinke ta cikin sa'a guda ta koma gida da murna. Wata Ba'amurkiya mai suna Alison Heller ta bi rayuwar mata 100 masu wannan ciwo a cibiyoyin jinyarsa na Nijar, ta fitar da littafinta a 2018. Abin da ta samu ya fi wancan labari nauyi. Da yawa daga cikin matan manya ne da suka riga suka haihu, ciwon ya same su daga baya. Da yawa ba a sake su ba, iyayensu mata kuma sun tsaya musu tsayin daka, wasu ma sun ɓoye ciwon shekara da shekaru da dabarar tsumma da turare da rage shan ruwa. Wahalar da ta fi cin su ita ce jira: wata da watanni a cibiya ana dakon likita, a wannan tsakani damina ta wuce, aure ya yi sanyi, kishiya ta shigo. Bayan an yi aikin ma, da yawa ba su daina yoyon ba, sai an sake, an kuma sakewa.

Mai karatu ya lura da bambancin. Idan labarin farko ne kaɗai gaskiya, to laifin duka na ƙauye ne da al'adunsa, magani kuma yana hannun baƙo. Idan kuwa mace mai haihuwa ta biyar tana iya kamuwa, to dole a tambayi nisan gidan likita, da lalacewar hanya, da motar asibitin da sai dangi sun sayi mai, da daren da aka kwana ana jiran wanda zai yi fiɗa. Auren wuri yana da nasa kason na laifi, ba mai musun haka, amma ba shi kaɗai ya kamata a gurfanar ba.

Wannan ɓangaren ma an bincike shi. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, wanda ya nuna yadda ake karɓar maras lafiyar da ba ta san kowa ba: tsawa, da banzatarwa, da fifita mai hanya a kan wadda ta riga zuwa. Bayan gwamnati ta mayar da fiɗar ciro jariri kyauta a 2005, ta ƙara da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, masu binciken LASDEL sun bi sawun wannan doka har cikin gidajen likita, suka nuna yadda jinkirin biyan cibiyoyin kuɗinsu ya bar kantocin magani wayam, har kyautar ta koma takardar sayen magani a waje. Ita kuma Barbara Cooper, masaniyar tarihi da ta rubuta littafi kan aure a Maraɗi a 1997 da wani kan tarihin haihuwa a yankin Sahel a 2019, ta tunatar da cewa son ƴaƴa da yawa yana da tushe a cikin dogon tarihin rashin haihuwa da mutuwar yara da yunwa, wanda duk mai son ya yi wa mutanenmu wa'azin tazarar haihuwa ya kamata ya fara sani.

Ina ilimin ya tafi?

To, wannan dukiya tana ina yau? Tana cikin Faransanci da Ingilishi. An yi hirar da Hausa da Zabarmanci da Fillanci, tafinta ya juya ta, aka rubuta ta da harshen da mai maganar ba ta ji. Littafin Hadiza Moussa ya isa Ingilishi a 2023, inda maɗaba'ar jami'ar Oxford ta buga shi, bisa ƙoƙarin wasu abokan aikinta da suka ƙi yarda aikinta ya bi ta kabari. Sun kyauta, sun kuma cika amana. Amma ina tambayar ƴan uwana malamai na Tasawa da Madawa da Magarya: wane ne a cikinmu ya taɓa riƙe ko da shafi goma na wannan aiki da Hausa? Ɗalibi a Ingila yana iya sanin abin da juya take ji a ranta a unguwannin Yamai, alhali uwar mijin da take yi mata gori ba ta taɓa jin cewa matsalar tana iya kasancewa daga ɗanta ba.

Wannan hali yana da dalilai, kuma ba mugun nufin wani mutum guda ne ya haife shi ba. Na farko shi ne matakalar da malamin jami'a yake hawa. Ƙarin girma a jami'o'inmu yana bi ta majalisar CAMES da ke Wagadugu, inda ake duba maƙalolin da mutum ya buga a mujallun masana. Wanda ya kwashe wata uku yana zagaya ƙauyuka yana bayyana wa mata abin da ya gano, da harshensu, bai ƙara ko taki ɗaya a wannan matakala ba. Wanda ya zauna a ofis ya yanka kundinsa gida huɗu ya aika wa mujallu, shi ne zai riga shi hawa. Idan aka shirya tsere ta haka, ba a zargin mai gudu don ya bi inda aka shata.

Na biyu shi ne kuɗi. Mafi yawan binciken da ake yi kan matanmu da kuɗin waje ake yin sa, kuma mai kuɗi shi yake zaɓen tambaya. Shekara da shekaru tambayar da ta fi samun mai biya ita ce yadda za a sa matan Nijar su rage haihuwa. Tambayar matar da ba ta samu ba, ko wadda ƴaƴanta suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya har ana ce mata mai wabi, ko tsohuwar da mahaifarta ta zazzago tana ɓoyewa, ba ta cika samun mai saye ba. Haka masaninmu yake komawa ɗan ƙwadago a gonar wani: a ba shi kwana 20, a ba shi jerin tambayoyin da aka tsara a wata ƙasa, ya cike, ya miƙa rahoto, furoje ya rufe, rahoton ya kwanta a cikin kabad.

Na uku shi ne abin da mutanen karkara suka daɗe da ganewa. Akwai ƙauyukan da ƴan anketi suka mayar kamar rijiyar bakin hanya, kowa ya zo ya ɗiba ya wuce. An tambayi mace sau nawa ta haihu, nawa suka rasu, me ta ci jiya, wa yake yanke shawara a gidanta. Bara an tambaye ta, bana ma an tambaye ta. Da ta ga ba abin da yake dawowa, sai ta koyi ba da amsar da take zaton za ta jawo buhun hatsi. Ta haka rashin biyan bashi yake lalata ilimin kansa, domin wanda aka saba ci da guminsa ba ya sake faɗin gaskiya kyauta. A nan kuma ya dace a tuna da tafintoci da mataimaka, galibinsu ƴaƴanmu mata, waɗanda su ne suke shiga ɗaki su jawo maganar daga zuciya, amma sunansu ba ya wuce layin godiya.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Na san akwai masu jin wannan magana su ce: ai dama mun faɗa, binciken nan tonon asiri ne, baƙi ne suke zuwa su kwashi abin kunyarmu su baza a duniya, gara a rufe ƙofa. Ina girmama kishin da ke cikin wannan magana, amma ban yarda da ita ba. Rufin asiri da muka gada abu ne mai daraja, an yi shi ne don a kare mutuncin mai rauni. Idan ya zama shi ne yake sa yarinya ta kwana biyu tana naƙuda ba ta yi ko tari ba don kada a ce ba ta da kunya, to ya tashi daga aikinsa. Asirin wa aka rufa a ranar da aka binne ta? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma masu wannan ra'ayi su tuna cewa Hadiza Moussa ba baƙuwa ba ce. Ƴarmu ce, ta faɗa mana abin da ke cikin ɗakinmu. Maganin ɗaukar labarinmu zuwa waje shi ne a dawo da shi gida, mu ma mu ji.

Akwai kuma masu cewa, daga ɓangaren masana, aikin mai bincike shi ne ya gano gaskiya ya rubuta, sauran kuma na likita ne da minista. Wannan ma rabin gaskiya ce. Ba wanda ya ce masani ya ɗauki wuƙar fiɗa ko ya gina asibiti. Amma lokacin da ya zauna gaban matar nan, ai ya ce mata maganarta za ta taimaka, da wannan alkawari ta yarda ta yi magana. Minista bai yi mata alkawari a kan tabarma ba, shi ya yi. Ina sane da cewa akwai masu komawa su gabatar da sakamako, kuma LASDEL tana sanya rahotanninta a intanet kyauta ga mai so. Wannan abin a yaba ne. Sai dai zaman gabatar da sakamako da ake yi a ɗakin taron otal, da Faransanci, gaban ma'aikata da wakilan masu ba da kuɗi, bai kai ga mai bashin ba. An biya maƙwabcinta ne.

Hujja ta uku ita ce wadda aka fi jin daɗin kawowa: ai matan ba su iya karatu ba, ko an fassara wa zai karanta? Gaskiya ne binciken 2012 ya sami kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na mata suke iya karatu. To amma yaushe rashin karatu ya hana ilimi yawo a ƙasar Hausa? Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a ƙasar nan, inda ake ɗaukar muryar manoma a watsa, jama'a su taru su saurara su yi muhawara. Wasan kwaikwayon su Yazi Dogo ya shiga gidajen da jarida ba ta taɓa shiga ba. Yau ga gidajen rediyon karkara, ga saƙon murya a wayar hannu, ga makarantun Islamiyya na matan aure cike da ɗalibai, ga taron biki da na adashi. Matar da ta iya bayyana ciwonta dalla-dalla har aka sami digiri da bayaninta, ba za ta kasa fahimtar sakamakon ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An taɓa biya, an kuma ga amfani

Kada a ce abin da nake nema mafarki ne. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta haɗa bincike da aiki a kan bauta. An tattara shaidu ƙauye-ƙauye, an rubuta, an kuma koma wa mutanen da bayanin haƙƙinsu. A 2003 dokar ƙasa ta mayar da bautar da mutum babban laifi. Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240 a yankin Ƙonni, ta kai ƙara kotun CEDEAO, ƙungiyar da Nijar take cikinta a wancan lokaci. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta yanke hukuncin cewa ƙasa ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. A 2012 Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka fitar da rahoto kan wahaya, wanda ya fito da rayuwar waɗannan mata fili. Ba a ce al'adar ta mutu ba, amma macen da ta ji cewa doka tana bayanta ta riga ta bambanta da wadda ba ta ji ba.

Haka nan a jihar Damagaram, wani bincike na 2007 ya nuna cewa sau da yawa shawarar zuwa awo ko haihuwa a gidan likita tana hannun maigida. Maimakon a ajiye rahoton, sai aka kafa makarantun magidanta, inda maza suke zama su tattauna lafiyar matansu da harshensu, su kuma ja hankalin ƴan uwansu. Dabarar ta bazu zuwa wasu jihohi har da wasu ƙasashe. Abin lura a misalan nan biyu shi ne, a kowanne an sami wanda ya ɗauki abin da aka gano ya kai shi inda aka samo shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yadda za a biya

Ga jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, ina ba da shawarar kada a karɓi kundin digiri da aka gina a kan hira da talakawa sai an haɗa shi da taƙaitaccen bayani da harshen waɗanda aka yi hirar da su, da kuma shaidar cewa ɗalibin ya koma ya karanta musu. Wannan ba ya bukatar izinin kowa daga waje, majalisar malamai tana iya zartar da shi a zama guda. Wakilanmu a CAMES kuma su nemi a riƙa lissafa irin wannan aiki a cikin abin da ake duba wa malami. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Matsayin da aka rubuta a takarda ba zai yi nauyi ba muddin harshen bai ɗauki ilimi irin wannan ba. Kuma abin da na faɗa game da Hausa ya hau kan Zabarmanci da Fillanci da Tamajak da Barbarci da sauran harsunanmu, domin ciwon bai zaɓi ƙabila ba.

Ga hukumomin da suke ba da izinin bincike, su sa sharaɗi a rubuce: duk wanda zai shiga ƙauye da tambayoyi, ɗan ƙasa ko baƙo, ya nuna a cikin kasafinsa kuɗin komawa da na fassara, ya kuma ajiye kwafin aikinsa a ɗakin karatun jami'ar jihar da ya yi aikin. Wanda ya sami kuɗin jirgi zuwa taro ba zai rasa kuɗin mota zuwa Dakwaro ba.

Ga masu shirin shiga wannan sana'a, musamman ƴan matanmu da suke jami'a yanzu, ina cewa ku shiga, ana bukatarku ƙwarai, domin akwai ɗakunan da ku kaɗai za ku iya shiga. Amma ku zaɓi tambayarku daga abin da kuka ji a gidan suna da layin awo, ko da ba ita ce mai kuɗi yake so ba. Idan kun zo auna tsawon aikinku, ku haɗa da yawan matan da suka san abin da kuka gano.

Saura mu. Da sauƙi mu zauna muna zargin jami'a da baƙi, alhali mu ne muka iya harsunan biyu, mu ne kuma muke kwana a garuruwan da masu bincike suke wucewa. Rahotannin da na ambata da yawansu suna nan a buɗe. Me zai hana kowace ƙungiyar raya al'adu ta ɗauki guda a shekara, ta nemi izinin mai shi, malamai biyu ko uku su mayar da zuciyarsa Hausa mai daɗin ji, a nemi ungozoma ta asibiti ta duba kada a yi kuskure, sannan a kai shi rediyon gari, a mayar da wani sashe wasan kwaikwayo, a karanta wani a ajin yaƙi da jahilci? Wannan mujalla ma tana iya ware shafi biyu a kowace fitowa don wannan aiki. Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar sun fito kan titin Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, suka ce ba za a yi maganarsu ba tare da su ba. Yau muna tuna ranar da sabuwar atamfa da jawabai. Ina roƙon ƙungiyoyinmu, daga 13 ga Mayu mai zuwa, kowace ta zo da bincike guda da ta fassara, ta tara matan unguwa da mazansu da limamin gari, a karanta musu abin da aka rubuta a kansu, a kuma ba su dama su ce an faɗi daidai ko an yi kuskure.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.